Tambaya da amsa: Ashe itacen oak na fitowa a ƙasar zafi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗalibi ne ina karatu a Malesiya. Mun je shan iska tsaunin Fraser ni da abokaina sai na ga wasu ƙwallaye zube a ƙarƙashin wata ƙatuwar bishiya, kowanne da 'yar hularsa, sak irin na itacen oak da muke gani a hotunan ƙasashen Turai. Na sa haƙori ya ƙi fasuwa. Mai yi mana jagora yace sunansa mempening. Malam oak ne da gaske? Ni na ɗauka sai a ƙasar ƙanƙara yake fitowa. Sannan na tsinto cikin leda guda na shanya a taga, ina so in na zo hutu Kano in shuka a gidanmu, zai yi kuwa?

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanena, lafiya lau alhamdulillah, Allah ya bada sa'ar karatu. Bari in fara da wanda ba zai maka daɗi ba tunda shine na gaggawa, waɗanda ka shanya a taga ɗin nan in dai sun kwana biyu suna shan rana da iska to da wuya a samu mai rai a cikinsu. Zan zo kan dalilin, amma sai ka fara sanin waye wannan itacen tukuna.

Idonka bai yaudare ka ba. Daga yadda ka kwatanta, wurin da ka tsince su da taurin ɓawon da sunan da jagoran ya faɗa, abinda yafi yiwuwa shine ɗaya ne daga cikin zuri'ar da masana tsirrai ke kira Lithocarpus, wato oak mai ƙwallon dutse. Ɗan'uwan oak ɗin Turai ne na kusa, danginsu ɗaya da ake kira Fagaceae, amma ba gida ɗaya suke ba, shi na Turai sunan gidansu Quercus. Wanda ya raɗa wa Lithocarpus suna wani masani ne Carl Ludwig Blume, haifaffen Jamus da ya yi wa Holan aiki ya shugabanci lambun tsirrai na Bogor a tsibirin Java, tsakanin 1825 da 1826 ya fitar da sunan, kuma taurin ƙwallon nan da ya gagari haƙorinka ne ya duba. Yanzu an san nau'i sama da 300 a wannan zuri'a kuma dukkansu 'yan Asiya ne da tsibirin Niyu Gini da ke makwabtaka da ita. Sun taso tun daga gindin tsaunukan Himalaya wajen Nepal da arewa maso gabashin Indiya, suka bi ta kudancin Sin da Japan, Tailan, Biyetnam, Malesiya, Sumatra, Java, Borniyo, Filifin, har Niyu Gini. Ƙasar Sin kaɗai tana da sama da nau'i 100, tsibirin Borniyo yana da wajen 60. A Indunusiya pasang suke ce masa. Da can akwai guda ɗaya da ake lissafawa a Kalifoniya da Oregon ta Amurka, amma a 2008 binciken ƙwayoyin halitta ya nuna ba ɗan gidan bane aka cire shi aka bashi nasa sunan daban, Notholithocarpus.

Maganar cewa oak itacen ƙasar ƙanƙara ne kuwa, hotuna da finafinai ne suka sa mana ita a kai. Ko shi Quercus ɗin kansa ƙasar da tafi kowa yawan nau'insa ita ce Meziko, yana nan har Kolombiya, yana nan a Maroko da Aljeriya da Tunisiya, kuma yana nan a Malesiyar da kake zaune. Nan ne ma zan ja kunnenka kaɗan, mutanen Malesiya da Lithocarpus da Quercus duk mempening suke ce musu, saboda haka sunan kaɗai bai isa ya raba gardama ba. Sai an duba itacen.

To ga yadda ake dubawa in ka koma. Ka fara da ganye. Ganyen Lithocarpus mai kauri ne da ɗan tauri, samansa na sheƙi, ƙasansa sau da yawa yakan yi fari-fari ko ruwan toka ko ruwan ƙasa, gefensa sumul babu yanka-yankan nan na ganyen oak ɗin Turai, galibi ma ko haƙora babu, sannan bakinsa ya zarce yayi tsini, ta nan ruwan sama ke ɗiga ya sauka da wuri. Baya zubar da ganye gaba ɗaya, shekara duka kore ne, sabon toho kan fito jaja-jaja da laushi kafin ya ƙosa. In ka ga haƙora ƙanana daga tsakiyar ganyen zuwa baki to ka fara zargin Quercus ne. In kuma ƙoƙon da ƙwallon ke ciki duk ƙaya ne ya rufe shi ruf, wannan wani ɗan'uwan ne na uku, Castanopsis, su berangan suke ce masa. Ma'aikatan gandun daji suna da wata dabara kuma, in an ɗan ɓantare ɓawon jikin itacen za ka ga fuskar katakon ba santsi gareta ba, wasu siraran kwari ne a jere tsaye inda cikin ɓawon ke shiga jikin katakon, wannan alama ce ta mempening. Amma kar ka je ka sassari itacen mutane a daji mai kariya, ka nemi wanda ya faɗi ka duba.

Babban bambancin dai a fure yake, kuma ni nan ne abin yafi burge ni. Oak ɗin Turai furensa na namiji reto yake yi ƙasa, laɓo-laɓo, iska ta kaɗa shi ta kwashi garin furen ta watsa, wanda ya dace ya faɗa kan na mace. Wannan tsarin yana aiki ne a dajin da itatuwa iri ɗaya suka cika wuri kuma ganye ya zube lokacin sanyi iska na ratsawa yadda take so. Amma kurmin Malesiya fa? Ganye a rufe ko'ina, ruwa kusan kullum, iska bata cika motsi a ciki ba, sannan itacen da ke kusa da kai da wuya ya zama irinka, wataƙila ɗan'uwanka na can nesa bayan ɗaruruwan wasu itatuwa. In ka dogara da iska a nan ka yi asara. Shi ya sa Lithocarpus zangarniyar furensa a miƙe take tsaye ƙiƙam a bakin reshe, fara ko ruwan madara, kowane ɗan furen namiji da zare wajen 12 sun fito waje, kuma tana da wari mai ƙarfi wanda wasu mutane basa so sam, amma ƙudaje da ƙananan ƙwari masu sulke da ƙudan zuma shi suke bi. Su ne ke kai garin daga itace zuwa itace. Furannin mace ƙanana ne basu da wani kyan gani, sukan zauna a gindin zangarniyar ko a tasu daban, sau da yawa uku-uku a manne. Shi ya sa in ka tsinci reshen da ya karyo da 'ya'ya za ka ga ƙwallayen a cunkushe jikin wani kakkauran tsinke, manya da waɗanda suka tsumbure basu girma ba duk a haɗe, wani lokacin ƙoƙuna biyu ko uku sun manne da juna. Wannan tsinken in ka same shi kusan ka gama gane itacen. Kuma basa gaggawa, a nau'o'i da dama daga fure zuwa nunar ƙwallo sai an shiga shekara ta biyu.

Ƙwallon kansa iri biyu ne in an duba da kyau. Akwai wanda kamar naka, ƙwallo mai santsi zaune a ɗan ƙoƙo, ƙoƙon ko dai mai ɓawo-ɓawo ko mai zobe-zobe a jere. Akwai kuma wanda gindin ƙwallon ne yayi kauri ya zama katako ya naɗe ƙwayar kusan gaba ɗaya, ƙoƙon ma ya rufe shi, irin wannan sai da guduma, kuma Borniyo na da su da yawa. Bincike ya nuna kamar ciniki ne itacen yayi, masu kaurin sulke ƙwayarsu tafi maiƙon abinci, masu siririn ɓawo kuma sun fi dogara da abubuwan da ke sa ƙwayar wuyar ci da wuyar narkewa, harda baurin nan na tanin, sinadarin da ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita.

Duk wannan sulken saboda wa? Saboda maciya sun yi yawa. Akwai wani ƙwaro mai dogon baki da ke huda ƙwallon tun yana ɗanye ya saka ƙwai, tsutsar ta cinye ciki ta fito, in ka duba ledarka na tabbata za ka samu masu ɗan rami zagayayye, waɗannan fanko ne. Akwai kurege iri-iri da ɓerayen daji da beguwa, a Borniyo da Sumatra da Malesiya akwai aladen daji mai gemu wanda ƙwallayen oak na cikin manyan abincinsa, a Borniyo garkensu kan yi doguwar tafiya suna bin inda 'ya'yan itace suka zuba. Amma abin mamaki shine cikin maciyan nan ne itacen ke samun mai shuka masa. Ƙwallon nauyi gareshi, bashi da fiffike, iska bata ɗaukarsa, in ya faɗo gindin uwa nan zai tsaya. Kurege ko ɓera ne zai ɗauka ya kai wani wuri ya tona ya binne don gobe, ya binne nan ya binne can, wasu ya dawo ya ci wasu ya manta ko shi kansa wani abu ya cinye shi. Wanda aka manta shine bishiyar gobe, an binne ta a ƙasa mai laima daidai zurfin da take so. Taurin ɓawon na ƙara sa dabbar ta gwammace ta ajiye maimakon ta tsaya fasawa nan take a fili inda shaho ko maciji zai iya samunta.

Yanzu mu zo kan tagarka. Taurin nan shi ya rufe ka, ka ɗauka iri ne irin na gero ko wake da ake shanyawa a zuba a rumbu. Ina! Ƙwayar da ke ciki a raye take kuma jiƙe take, numfashi take yi, bata da dabarar yin barci a bushe. Ka san yadda 'yan goro ke fama, a naɗe shi da ganye a yayyafa ruwa a riƙa dubawa, in aka bar shi a iska ya bushe shikenan ya tashi daga aiki, to haka wannan ƙwayar take a cikin sulkenta. In ruwan jikinta ya ragu ya wuce wani mataki ta mutu ko da daga waje ƙwallon na nan garau yana sheƙi. Shi ya sa ma ba a iya ajiye irin wannan dangin a bankunan iri da ake busarwa a daskarar, sai dai a rene su a raye a lambu ko a bar su a dajinsu. Ka ɗauki ɗaya ka girgiza kusa da kunne, in ka ji yana ƙwal-ƙwal ƙwayar ta motse ta rabu da ɓawo. Ka zuba su a bokitin ruwa, masu tasowa sama yawanci sun lalace. Ka fasa ɗaya da guduma ka gani, mai rai cikinsa fari ne ko ruwan madara, a cike, da danshi, matacce kuma ya yi baƙi-baƙi ko ya ƙanƙance.

Wannan shi zai kai mu ga inda yake zama, don ni a ganina in kana so ka fahimci itacen nan ka daina tambayar zafi ko sanyi, ka tambayi laima. A Malesiya da Borniyo ana samunsa tun daga ƙasa-ƙasa kusa da teku, harda dajin fadama mai baƙar ƙasa da dajin farin yashi marar taki wanda suke kira kerangas, amma a can ƙasa tsiraru ne, manyan itatuwan katako irin su meranti da keruing su ke da sarauta. Sai ka fara hawa, kowane mita 1,000 zafi na raguwa da kamar digiri 6, daga wajen mita 1,000 zuwa 1,200 su meranti sun fara ja da baya, nan ne mempening da berangan da wasu itatuwan da ake kira medang ke karɓe daji. Tsaunin Fraser da ka je daidai wannan tsayin yake, shi ya sa ka ga ƙwallayen birjik. Ka tuna yadda wurin yake, da yamma gajimare ya sauko ya shiga tsakanin itatuwa, gansakuka a jikin kowane kututture, ƙasa lumtsum da ruɓaɓɓen ganye, to wannan shine gidansa. A can ƙasa wasu kan kai mita 30 zuwa 40 da faffaɗan gindi mai fukafukai, in aka hau sama sosai sai su gajarce su murɗe. A tsaunin Kinabalu da ke Sabah, mai tsayin mita 4,095 wanda UNESCO ta sa a jerin wuraren gado na duniya a 2000, akwai nau'o'in da ke hawa har kusan mita 3,000. A Java ta Yamma kan tsaunin Gede da Pangrango pasang na tare da wasu itatuwan da ake kira rasamala da puspa. A tsaunukan Ailao na lardin Yunnan a Sin kuwa, wajen mita 2,500, Lithocarpus ne ma ke cikin manyan masu riƙe da rufin dajin, can har sanyi mai tsanani suke sha. Kaga kenan akwai na zafi akwai na sanyi, abinda ya haɗa mafi yawansu shine ƙasar da bata bushewa ƙayau na tsawon watanni.

Wani abu da nake so ɗalibai su lura dashi, akwai wani layi da masana suka ja a taswira da ake kira layin Wallace, wanda ya ratsa tsakanin Bali da Lombok, da tsakanin Borniyo da Sulawesi, inda dabbobin Asiya da yawa suka tsaya basu ƙetara ba. Quercus ma kusan nan ya tsaya. Amma Lithocarpus da Castanopsis sun ƙetara har tsaunukan Niyu Gini, duk da ƙwallon nan mai nauyi da baya jure bushewa.

Sannan a ƙarƙashin ƙasa ma ba shi kaɗai yake ba. In ka tono siririyar saiwarsa ka duba da gilashin ƙara girma za ka ga bakinta ya kumbura ya gajarce an lulluɓe shi da wata farar riga, wannan zaren funfunan ƙasa ne dangin laimar kwaɗi. Funfunan na shiga lungun da saiwa bata iya kaiwa ya jawo ruwa da sinadaran abinci irin su fosfaras da naitrojin ya ba itacen, itacen kuma ya biya shi da sukarin da ganye ya haɗa. A ƙasar tsauni mai tsami wadda ruwa ya wanke takinta, wannan haɗin kan ne ke riƙe da shi. Dashen da bai samu abokin nan ba yakan tsaya cak, ganye yayi ɗorawa.

Amfaninsa ga mutane kuwa, katakon na da tauri da nauyi amma yana da wuyar sha'ani wajen busarwa, yakan tsage ya karkace, shi ya sa bai yi suna a kasuwa kamar meranti ba, an fi sa shi a ginin cikin gida da itacen girki da gawayi, wasu wuraren kuma a guntayensa ake noman naman kaza. A Japan akwai Lithocarpus edulis da suke kira matebashii, ƙwayarsa bata da bauri sosai ana gasawa a ci. A kudancin Sin akwai Lithocarpus litseifolius wanda ganyensa ake dafawa a sha kamar shayi, zaƙi gareshi da kansa ba a sa sukari. Amma don Allah kar ka ce za ka gwada cin naka tunda baka tantance nau'insa ba.

Abinda ke damuna shine da yawa daga cikin nau'o'in nan wuri ɗaya tak aka sansu, tsauni guda ko kwari guda. A ƙasa gonakin kwakwar manja da roba sun cinye daji, a sama kuma ana sarewa don shayi da kayan lambu da gidajen hutu, ga gobarar daji a shekarun fari irin na 1997 zuwa 1998 da 2015. Itacen da irinsa baya ajiyuwa, baya tashi a iska, sai kurege ya ɗauka ya kai 'yan mitoci, in aka share dajin da ke kewaye dashi ba shi da hanyar tsallakawa wani tsaunin. Wallahi abin na taɓa ni, don wasu za su iya ƙarewa tun ba a gama rubuta bayaninsu ba.

To zai yi a Kano? Gaskiya a'a ƙanena, ba zan ɓoye maka ba. Inda ka tsince shi ruwan shekara na haura milimita 2,000 kuma a rarrabe yake kusan kowane wata, Kano kuwa yawanci bata kai 1,000 ba kuma kusan duka tsakanin Yuni da Satumba yake sauka, sai watanni bakwai zuwa takwas babu ɗigo, ga hunturu mai tsotse laimar ganye, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Ko kana ban ruwa safe da yamma iskar kanta a bushe take, ganyen da aka gina don hazo zai ƙone daga gefe. Kudu da Sahara kaf babu ɗan wannan dangin ko ɗaya da ya fito da kansa. Wani zai ce to Mambila fa ko Jos, eh sun fi kusa ta wajen tsayi da sanyi, amma su ma suna da raninsu, kuma ni bana goyon bayan a kai baƙon itace kusa da ragowar kurmin tsauni irin na Ngel Nyaki da ke Mambila wanda ke da nasa itatuwan da ke neman a kula dasu. Bayan haka shigo da iri daga waje sai da takardar lafiyar tsirrai da izinin hukumar kwarantin ta noma, kuma ƙwallayen da wataƙila akwai tsutsa a ciki su ne ainihin abinda aka kafa dokar dominsu. Can Malesiyar ma ɗibar abu daga daji mai kariya sai da izini.

In sha'awar ganin tsirowarsa kake, ka yi a can inda kake. Ka samu sababbin faɗowa daga wurin da aka yarda a tsinta, ka sa su a leda da ɗan jiƙaƙƙen ganye tun a wurin, ka kwantar da su a gefe cikin tukunya mai zurfi ka rufe da ƙasa kamar santimita 2, ka haɗa da ɗan ƙasar gindin uwar saboda funfunan nan, ka ajiye a inuwa ka sa raga don ɓera. Sai haƙuri, masu kaurin ɓawo kan ɗauki watanni. Saiwa ce za ta fara fitowa ta nutse, ƙwayar kuma tana nan cikin ɓawonta a ƙasa tana ciyar da tsiron, kar ka cire ta. Don sanin ainihin nau'in kuma, ka ɗauki hoton ganye sama da ƙasa, da tsinken 'ya'yan, da ƙoƙon ta gefe da ta ƙasa ka ajiye rula kusa dashi, ka rubuta wurin da tsayinsa, ka kai sashen nazarin tsirrai na jami'arku ko cibiyar binciken gandun daji ta FRIM da ke Kepong kusa da Kuala Lumpur, suna da ma'ajiyar busassun samfura da za a gwada naka dasu.